Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Ministan Ilimi Mai Zurfi na Sudan: a ware ɗakin ƙere-ƙere a laburaren jami'o'inmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Mai girma Minista.

Bayan gaisuwa da fatan Allah ya dafa maka a kan nauyin da ka ɗauka. Ni malamin koyar da sana'a ne a Mai Wurno, jihar Sinnar, kuma uba ga ɗalibai. Na rubuto ne a kan gyaran ɗakunan karatu na jami'o'inmu, tun kafin a kammala zane a raba kwangila, domin da zarar an zuba siminti shawara ta makara.

Ranka ya daɗe, ka fi ni sanin ɓarnar da aka yi tun da yaƙi ya ɓarke a ranar 15 ga Afrilun 2023. Laburaren Cibiyar Muhammad Umar Bashir ta Jami'ar Ahliyya a Omdurman ya ƙone da littattafansa. Jami'ar Jazira ta kwashe sama da shekara ba ta hannun masu ita, daga faɗuwar garin da take, Wad Madani, a Disambar 2023 zuwa Janairun 2025. Yaranmu sun yi karatu ta waya, darasi a WhatsApp da Telegram, jarrabawa a garin da ba nasu ba. Likita ko injiniyan da ya tashi a haka ya haddace abubuwa da yawa, amma hannunsa bai taɓa komai ba. Wannan giɓin ne ya dame ni, kuma sayen sababbin kantoci da kujeru ba zai cike shi ba.

Roƙona shi ne, a duk laburaren da za a gyara, a ware ɗaki guda na ƙere-ƙere. A sa masa faranti mai ɗaukar hasken rana da batir, manyan tebura da mutum shida za su zauna su yi gardama ba a tsawata musu ba, da intanet, da kayan aiki: abin liƙa waya da dalma, mitar auna wuta, zarto, injin huda, keken ɗinki, da firintar nan mai ƙera abu da narkakken zaren roba. Wutar rana na fara ambata da gangan. Kowa ya ga yadda hare-hare a kan tashar wutar lantarki ta madatsar Marawi suka jefa garuruwa cikin duhu a 2025.

Za a ce ai tsangayar injiniya tana da nata wurin gwaji. Tana da shi, amma a kulle yake, makullin yana aljihun mutum ɗaya, kuma ɗalibar aikin gona ko ɗalibin koyarwa ba su da hurumin shiga. Laburare kuwa na kowa ne. Wannan dalili ne ya sa laburaren DeLaMare na Jami'ar Nevada da ke Reno a Amurka ya buɗe irin waɗannan firintoci ga kowane ɗalibi a 2012, wasu jami'o'i suka bi sahu. Ba ma sai mun je Amurka neman hujja ba. A 2013, a Duwatsun Nuba, an kafa ɗan ƙaramin wuri a asibitin Gidel inda aka buga hannun roba ga yaron da bam ya cire wa hannuwa biyu, aka kuma koya wa mutanen wurin su ci gaba da bugawa. Yau masu neman hannu da ƙafa a ƙasar nan sun ninka na wancan lokaci, Allah ya kawo mana sauƙi.

Bari in kawo abin da nake gani da idona. Manomi a bakin Shuɗin Nilu, famfonsa na ban ruwa ya tsaya saboda wata 'yar roba mai haƙora da ke haɗa inji da famfo ta tsage. Ba ta kai tafin hannu ba. Babu ita a kasuwar Sinnar, sai an yi sautu, albasa kuwa ba ta jira. Ɗalibin da ya iya awo zai ɗauki tsagaggiyar, ya auna kauri da faɗi, ya zana ta a kwamfuta, ya buga ta gwaji kafin la'asar. Wataƙila ta farko ta karye. Zai gane cewa zaren robar da ake kira PLA yana laushi da zafi ya kai wajen digiri 60, kusa da inji kuwa a watan Mayu ana kaiwa nan, sai ya koma wani zaren mai juriya, ko ya kai samfurin wa mai injin sassaƙa ƙarfe ya fitar masa da ita. Abin da ya koya a wannan yini ba ya cikin kowace lacca. Aikin noman Jazira, da ke shan ruwan madatsar Sinnar tun 1925, ya haura fadan miliyan 2 (fadan ɗaya kusan eka ɗaya ne), ga gonakin ridi da dawa na Gadarif. Irin waɗannan ƙananan matsaloli ba su ƙidayuwa.

Saboda haka nake roƙon kada a tsare ƙofar da katin ɗalibi kaɗai. A ware rana ɗaya ko biyu a mako ga masu walda, da maƙera, da teloli, da masu gyaran waya. Mu Hausawan nan, tun da kakanninmu suka sauka bakin kogi bayan yaƙin Burmi na 1903, da noma da su da sana'ar hannu muka rayu, kuma akwai dattijon da bai taɓa shiga aji ba amma da jin ƙarar inji zai gaya maka inda ciwon yake. A zaunar da shi tebur ɗaya da ɗalibin da ya iya lissafi, kowa zai ƙaru. Jami'ar Jazira ma ai don hidimar karkara aka kafa ta a 1975. A kuma tsara lokaci yadda 'yan mata za su samu wurin da rana, da ma'aikaciya mace a ciki, in ba haka ba iyaye da yawa ba za su bari ba, ɗakin ya zama na samari zalla.

Akwai abin da nake tsoro, ranka ya daɗe, kuma na taɓa ganinsa a wata makaranta. Aka kawo injuna masu tsada, aka yanka kyalle, aka ɗauki hoto, aka lulluɓe su da leda. Ba a ɗauki mai kula da su ba, ba a ware kuɗin zare da dalma ba, ƙurar guguwar habub ta shiga ta gama da su. Ƙaramar firinta 'yan ɗaruruwan daloli ce. Abin da ke da wuya shi ne albashin ma'aikacin da ya iya gyaranta, da kuɗin kayan da ke ƙarewa kowane wata, da taga mai rufuwa da kyau. In kasafin ba zai ɗauki duka ba, a rage injunan a bar ma'aikacin. A kuma horar da ma'aikatan laburaren da ke nan, kada a ɗauko baƙo a ɗora musu.

Ina ba da shawarar a fara da jami'o'in Jazira da Sinnar da Gadarif, ɗaki ɗai-ɗai, a bar su shekara guda, sannan a nemi kowanne ya kawo jerin abubuwan da aka gyara ko aka ƙera da sunayen ƙauyukan da suka amfana. Idan ma'aikatarka ta amince, mu malaman sana'a na wannan yanki a shirye muke mu zo mu koyar a ranakun da aka buɗe wa jama'a, ba tare da an biya mu ba.

Allah ya taimake ka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Wassalam.

Malamin koyar da sana'a,
Mai Wurno, jihar Sinnar