Bayan Salla, wa ke ciyar da talaka?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili in tofa albarkacin bakina a kan abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Duk shekara idan azumi ya kama, jaridu da gidajen rediyo sukan cika da labarin rabo. Wane ya raba buhu kaza, gwamnati ta buɗe cibiyoyin ciyarwa kaza, ga buhuna an jera su kamar dalar gyaɗa, ga tsohuwa an sa ta rungume leda tana kallon kyamara. Allah ya saka wa masu bayarwa da alheri. Amma da an sauko daga Idi sai ka ji tsit, sai ka ce ita ma yunwar ta ga wata ta ajiye aiki. Ni mai awon hatsi ne a Rijiyar Lemo, nan cikin Kano, shekarata 19 a kan benci ɗaya, kuma abin da nake gani a sauran wata 11 ɗin nake so ku ji.

Ina da littafi irin na 'yan firamare, a ciki nake rubuta bashi. Kafin a cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, littafi ɗaya yakan kai ni shekara, kuma na san masu shiga cikinsa: ma'aikacin da albashi ya yi wa jinkiri, ɗan fanshon da ke jiran a tuna da shi. Wata ya yi su zo a soke. A 2024 sai da na cika littafi 3. Mai sayen buhu ya koma kwano, mai kwano ya koma rabi, mai rabi ya koma gwangwani. Har akwai ranar da yarinya ta zo da naira 200 a dunƙule a hannu, ta ce, "Wai in ji Umma, a ba ta na yadda ya samu."

Akwai wani dattijo a layinmu, tsohon tela ne, ido ya hana shi zaren allura. Ba ya zuwa wurina sai bayan magariba, lokacin da mutane suka ragu. Zai yi sallama, ya tambayi iyali, ya tambayi kasuwa, sannan ya rage murya ya ce, "Malam, ko akwai tsakin kaji?" Daga inda nake zaune ina hango ƙofar gidansa, kuma rabon da a ji cara a gidan nan an fi shekara biyu. Sai in ce akwai, Baba. In juya masa baya in zuba gero a ƙasan leda, in rufe da tsaki a sama, in rubuta kuɗin tsaki. Ya sani, na san ya sani, ba wanda ya taɓa ɗaga maganar. A shekarar 2024 ce aka yi ta labarin afafata, shinkafar da masu injin casa ke warewa su sayar wa masu kiwon kifi, ta koma tukunyar mutane.

Wannan dattijon ko za a raba zinariya ba zai shiga layi ba. Irinsa Alƙur'ani ya siffanta a Suratul Baƙara, aya ta 273, waɗanda wanda bai san halinsu ba zai ɗauka mawadata ne saboda kamun kai. Ba ya cikin jerin sunayen kansila, ba ya cikin hoton kowa. To wa ke ciyar da shi?

Maƙwabciyarsa ce, mai ƙosai, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya 5. Kullum da safe za ka ga ƙaramin ɗanta ya shiga gidan da kofin koko da ƙosai a takarda, wai a ɗanɗana a ji ko gishiri ya ji. Shekara biyu ana ɗanɗanawa! Mai shayin bakin titi yana da mutum uku ko huɗu da ba ya tambayarsu kuɗi. Mai kemis yakan ba da maganin zazzaɓi ya ce a kawo in an samu. Su kuwa almajiran da suka cika garin nan, babu kasafin kuɗin da ya san da cikinsu. Matar aure ce, wadda mijinta ya bar mata abin da bai kai ya kawo ba, za ta ji "Iya, ko ɗan ƙanzo" a zaure, ta kankare gindin tukunya ta miƙa. Wata ma tana da almajirinta na dindindin, ya yi mata aike da ɗebo ruwa, ta ajiye masa kwanonsa rana da dare, in ya yi ciwo ita ce uwarsa. Da za a tara abin da matan Kano ke fitarwa ta ƙofar zaure a dare ɗaya, na tabbata da an ji kunyar kiran 'yan jarida saboda tirela guda.

Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa Abu Zarri idan ya dafa romo ya yawaita ruwansa, ya tuna da maƙwabta. Matanmu sun riƙe hadisin nan da kyau, sai dai an yi ta ƙara ruwa har miyar ta kusa komawa ruwan zalla. Abin da ke tayar mini da hankali ke nan. Masu ɗaukar nauyin su ma sun gaji. Da muna yara akwai ciyayya: bayan isha'i kowane magidanci ya fito da kwanonsa dakali, a haɗa a ci, wanda ba a ɗora tukunya a gidansa ba ya wanke hannu ya zauna, ba mai ƙirga kwanuka. A ƙauyenmu in an yi girbi akan bar wa tsofaffi mata su yi kala, ba mai korar su. Yau dakalin yana nan, hira ake yi a kai, kwanukan sun daina fitowa. Maigida yana kunyar a ga abin da ke cikin nasa.

Kada a ce na raina ƙoƙarin manya. Duk ɗan Kano ya san shekara da shekaru ana dafa abinci ana rabawa a gidan Hajiya Mariya Sanusi Ɗantata a Koki. Gidauniyar Ɗangote ta raba buhunan shinkafa masu kilo 10 har miliyan ɗaya a faɗin ƙasar nan a azumin 2024. Ƙungiyoyin addini da 'yan agaji da matasan unguwanni masu haɗa kuɗi ta WhatsApp suna yin abin da za su iya, su biya kuɗin asibiti, su ɗinka wa marayu kayan Salla. Amma a yi lissafi: kilo 10 a gidan mutum 8, in an yi tattali, mako guda ne.

Sannan lokacin ma bai dace da na yunwa ba. A 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa ne tsakanin Fabrairu da Afrilu, kaka ba ta yi nisa ba, da sauran abinci a rumbu. Yunwar gaske tana zuwa ne a tsakiyar damina, Yuli da Agusta, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, kuɗin manomi ya tafi a taki, leburan gini ya zauna saboda ruwa, sauro ya kwantar da yara. A lokacin ne ake kwaɗon tafasa da rama a kwana a kai. A lokacin ne littafina yake cika. Kuma a lokacin ba na ganin motar kowa.

Yadda ake rabon shi ma abin dubawa ne. A watan Maris na 2024 mata sun mutu a turmutsitsin karɓar zakka a Bauchi. A Disambar shekarar, cikin mako guda, aka yi asarar rayuka a irin wannan turmutsitsin a Ibadan da Okija da Maitama ta Abuja, na Ibadan yara ne 35. Duk wanda ya tara mayunwata dubu a bakin ƙofa ɗaya ya san mai ƙarfi ne zai samu, gurgu da mai goyo su koma da ciwo. Alhali kowane layi yana da limami, yana da mai unguwa, yana da ungozoma da ta san cikin kowane gida. A tambaye su mana. Na san za a ce su ma suna da son kai, wani sai ya fara da surukansa. Haka ne. Amma mai unguwar da ya yi haka gobe zai haɗu da mutanen a masallaci, shi kuwa wanda aka ba kwangilar rabo ba mai sake ganinsa.

Ga kuma zakka, wadda ba alfarma ba ce, haƙƙi ne. Manomin da amfaninsa ya kai nisabi, sa'i 300, zai fitar da ɗaya cikin 10 in noman damina ne, ɗaya cikin 20 in ban-ruwa ya yi da wahalarsa. Ɗan kasuwa ɗaya cikin 40 in shekara ta zagayo. Jihar Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003. Da dukiyar da ke juyawa a kasuwannin Kwari da Singa da Dawanau ana fitar mata da haƙƙinta yadda Allah ya ce, a kai ta inda ya ce, da mai ƙosai ta huta da ciyar da tela. Malamai su duba mana ko kwamitin masallaci zai iya karɓar zakkar hatsi da kaka ya adana wani kaso zuwa marka. Sadaka dai ba ta da wata, mai niyya yana iya raba tasa biyu ya ajiye rabi.

Mu ma masu awo ba wankakku ba ne. A cikinmu akwai mai bugaggen kwano, akwai mai ɓoye kaya ya jira tsada. Ni kaina akwai daren da na ce wa wata baiwar Allah babu, alhali akwai, saboda washegari zan shiga Dawanau kuma uban ɗakina ba ya karɓar labari. Buhu kwano 40 ne, in 10 suka tafi bashi uwar kuɗi ta karye. Har yau in ta wuce ta gabana sai in sunkuyar da kai.

Cikin mutum 8 masu haƙƙin karɓar zakka da aka ambata a Suratut Tauba, aya ta 60, akwai waɗanda bashi ya yi wa katutu, amma ban cika jin ana tuna su ba. Sau ɗaya na gani da idona. A daminar da ta wuce wani mutum ya tsaya da babur, ba babbar riga, ba rakiya. Ya ce in nuna masa littafi. Na yi jim, don na ɗauka mai karɓar haraji ne. Ya ce in rufe sunayen da hannuna, jimla kawai yake so, ta waɗanda na tabbata ba su da halin biya. Na haɗa gida 14. Ya tura kuɗin ta waya, ya ce in soke, ya hau babur ɗinsa. Da Baba tela ya zo da naira 1,500 zai rage nasa, na nuna masa layin da na ja a kai. Ya tambayi wane ne, na ce wallahi ko sunansa ban riƙe ba. Ya daɗe a tsaye yana motsa baki. Sannan ya miƙo kuɗin ya ce in auna wake, in aika wa mai ƙosai, kada in ce daga ina.

Ranka ya daɗe, idan za ka turo wakilinka ya ga abin da nake faɗa, ya zo a watan Agusta, bayan magariba. Akwai wuri a benci. Kyamarar dai ya bar ta a ofis, don in Baba ya hango ta ba zai ƙaraso ba.

Naka,
Wani mai awon hatsi,
Rijiyar Lemo, Kano.