A auna ƙasa kafin a ɗora bene a zangunanmu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ni magini ne, kuma ranar 12 ga Disamba, 2022, ina kan bene a unguwar Nima da ke Accra muna ɗaura rodi lokacin da ƙasa ta motsa, har na ga ruwan da ke cikin duro yana kaɗawa ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Girgizar ƙasa ba baƙuwa ba ce a Accra, domin wadda aka yi ranar 22 ga Yuni, 1939 ta kashe mutum 17, a zamanin da dogayen benaye ba su yawaita ba.

Abin da ke damuna shi ne, masu gida suna tambayar kuɗin siminti da bulo, amma ba sa tambayar halin ƙasar da za ta ɗauki ginin. Kowace ƙasa tana da nata lokacin kai-da-komo idan aka girgiza ta. Dutse yana rawa da sauri, laka mai zurfi kuwa a hankali take lilo. Gini ma haka yake, inda bene mai hawa 10 kan ɗauki kusan daƙiƙa 1 kafin ya je ya dawo. Idan lokutan biyu suka zo daidai, sai ƙasa ta riƙa ingiza ginin kamar yadda ake tura yaro a kan lilo, kowane turi yana ƙara wa na baya ƙarfi. Abin da ya faru ke nan a Birnin Meziko a 1985, wanda aka gina a kan busasshen tafki: lakarsa tana kaɗawa cikin kusan daƙiƙa 2, kuma benaye masu hawa 6 zuwa 15 ne suka fi rushewa.

Awon ba shi da wuya. Injiniya zai ajiye ƙaramar na'ura a ƙasa na kamar rabin sa'a, ta naɗi ɗan motsin da jikin mutum ba ya ji, daga nan a fitar da lissafin lokacin kai-da-komon ƙasar.

Ina roƙon hukumar binciken ƙasa ta Ghana ta kawo wannan awo unguwannin da ke kusa da kogin Odaw da tafkin Korle, inda aka cike wurare masu dausayi aka yi gini, ta kuma bayyana sakamakon. Ai sunan unguwar Fadama da ke wurin kaɗai ya isa ya nuna irin ƙasar. Sarakunan zango da limamai kuma su taimaka su faɗa wa masu niyyar ƙara hawa a kan tsohon harsashi su nemi injiniya tukuna.

Naku,
Wani magini daga Nima, Accra