A riƙa auna ƙugu da jinin ɗalibanmu na sakandare

Ya Edita,

Ka ba mu fili mu ja hankalin iyaye da Ma'aikatar Ilimi ta Jihar Kaduna kan wata matsala da ke fara kama yara tun suna sakandare, ba a farga ba sai sun haura arba'in. Abubuwa biyar ne ke haɗuwa a jiki ɗaya: tumbi, hawan jini, yawan suga, yawan maiƙo a jini, da ƙarancin kolestarol mai amfani, wato nau'in da ke kare hanyoyin jini. Tushensu jiki ya daina jin insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, yadda ya kamata, kuma kitsen ciki ne ya fi jawo hakan. A hankali hanyoyin jini su ƙuntace, ƙarshenta ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki.

A 2007 Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta fitar da ma'auni na 'yan shekara 10 zuwa 15. Idan ƙugun yaro ya wuce na tsaransa sosai, sannan aka samu biyu daga cikin waɗannan, to an shiga haɗari: jini 130/85 ko sama, suga kafin karin kumallo 100 ko sama, maiƙon jini 150 ko sama, ko kolestarol mai amfani ƙasa da 40.

Awon ƙugu ba ya bukatar asibiti. Tef ɗin tela ya isa. Yaro ya tsaya ya saki cikinsa, a zagaya tef tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin kwankwaso, a karanta bayan ya fitar da numfashi. Bai kamata ƙugu ya kai rabin tsayinsa ba. Mai tsayin santimita 160 kada ya kai 80.

Awon jini ne aka fi yin kuskure a kai. Yaro ya shigo a guje daga filin wasa, a ɗaura masa abin awo nan take, dole lamba ta hau. Ya zauna minti biyar tukuna, ƙafa a ƙasa, hannu daidai da ƙirji. Idan maɗaurin ya yi wa damtse kaɗan zai ba da lambar da ta wuce gaskiya, idan ya yi yawa ya ba da ƙasa da ita. Kuma ba a cewa yaro na da hawan jini sai an gan shi a ranaku uku daban-daban.

Iyaye mata, ku duba bayan wuya da hammata. Wani baƙi mai kauri da laushi yakan fito a nan, a yi ta dirza da soso ana faɗan ƙazanta, wasu har su sayi man bilicin. Sau da yawa alama ce ta insulin ya yi yawa a jini. Irin wannan yaro a kai shi Asibitin Koyarwa na Barau Dikko ko na Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, ya kwana bai ci komai ba na awa takwas, a gwada shi.

Abin da ke jawo wannan ba ɓoyayye ba ne. Robar lemo ɗaya tana iya ɗauke da sukari kusan giram 50, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi son a tsaya wajen giram 25 a yini. Zoɓo da kunun aya na ƙofar makaranta ma ba su tsira ba idan an cika musu sukari. Ga taliyar leda da dunƙule, ga gishiri da bai kamata ya kai giram 5 a rana ba. Ita kuwa awa ɗaya ta motsa jiki da ake so kullum, Keke Napep da waya sun cinye ta, balle 'yan mata da ba a bari su fita wasa. Kada a ɗauka siririn yaro ya kuɓuta, musamman idan akwai suga ko hawan jini a gidansu.

Roƙonmu ga ma'aikatar shi ne a farkon kowace shekarar karatu a auna tsayi, nauyi, ƙugu da jinin kowane ɗalibi, a rubuta a katinsa, wanda aka ga alama a ba iyayensa takardar zuwa asibiti. A kuma daina sayar da lemon kwalba a cikin harabar makaranta.

Daga wasu ma'aikatan lafiya,
Kaduna.