A duba zanen asibiti tun kafin a haƙa harsashi

Zuwa ga Edita,

Ina neman ɗan fili a wannan jarida domin in ja hankalin masu bayar da kwangilar gina sababbin asibitoci kan wani lamari da ba a cika tunawa da shi ba sai an gama gini, wato yadda ginin zai zauna lafiya da muhallinsa.

Asibiti ba ya rufe ƙofa dare da rana, saboda haka yana shan wuta da ruwa fiye da yawancin gine-gine. Rahoton da ƙungiyar Health Care Without Harm ta fitar a 2019 ya nuna cewa fannin kiwon lafiya ne ke fitar da kashi 4.4 cikin ɗari na iskar da ke ɗumama duniya. Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake ganin magana ta ƙare da zarar an jera farantan sola a kan rufi, alhali tun a takardar zane ake yanke babban hukuncin: inda ginin zai fuskanta, girman tagogi, kaurin bango da hanyar da iska za ta bi.

Kwanakin baya na je dubiya wani sabon asibiti mai ƙyalli, wanda aka lulluɓe gabansa da gilashi yana kallon yamma, tagoginsa kuma ba sa buɗuwa. Da aka ɗauke wuta da la'asar, kafin a tayar da janareta ɗakin ya koma kamar tanda, har na ga wata mai jinya tana yi wa mahaifiyarta fifita da katin asibiti.

Akwai inda aka yi dabara. A asibitin Butaro na ƙasar Ruwanda, wanda aka buɗe a 2011, an fitar da hanyoyin zirga-zirga waje, aka ɗaga rufi, aka buɗe tagogi yadda iska za ta riƙa ratsa ɗakunan kwanciya, domin a rage yaɗuwar cututtuka irin su tarin fuka, sannan aka yi amfani da dutsen yankin wajen ginin. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta fitar da ƙa'idoji kan amfani da iskar waje a asibitoci tun 2009. Ba na musun cewa ɗakin tiyata da sashen kulawa ta musamman suna buƙatar na'urorin tace iska da sanyaya ta. Hasali ma, domin su ya kamata a tattala wutar.

Tara ruwan sama da ware wurin rarrabe shara su ma a zane ake tanadar musu wuri, musamman da yake kusan kashi 85 cikin ɗari na sharar asibiti ba mai haɗari ba ce.

Roƙona shi ne a sanya a cikin sharuɗɗan kwangila cewa mai zane zai bayyana yawan wuta da ruwan da ginin zai ci a shekara, kuma ya zauna da ma'aikatan jinya kafin a amince da zanensa.

Naku,
Wani mai karatu