Rahoton Shekara Ga 'Yan'uwa Malaman Rainon Yara Na Kebbi

Assalamu alaikum. Shugaba, iyayen ƙungiya, 'yan'uwa malamai maza da mata, barkanmu da ganin ƙarshen wannan shekara.

Zan fara da kuɗin wata, domin a kansa kusan komai ya tsaya. Waɗanda suka biya nasu cif ba su kai rabinmu ba. Akwai waɗanda rabonsu da sa ko kwabo a asusu tun kafin azumin bara, sunansu kuwa na nan daram a rajista. Ni da Ma'aji mun kira, mun aika saƙo, mun bi wasu har makarantunsu da kuɗin motarmu. Mun san halin da ake ciki. Yawancinmu a makarantu masu zaman kansu muke koyarwa, inda albashin bai taka kara ya karya ba, wasu ma ba a biyansu watan hutu. To amma wanda ya gaza ya zo ya ce ya gaza, a san yadda za a sassauta masa. Shirun da ƙin ɗaukar waya ne suke ci mana rai.

Tarukan wata-wata duk an yi su, ban da na Agusta da ruwan sama ya hana 'yan Yauri da Zuru tasowa.

An sha tambayata me ya hana a kammala rajistar ƙungiya da hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta ƙasa, wato CAC, wasu ma da wata irin murya kamar an ɓoye wani abu. Ba a ɓoye komai ba. Doka ta ce sai an naɗa amintattu, an miƙa kundin tsarin mulki, an buga sanarwa a jaridu biyu, sannan a jira kwana 28 ko wani zai kawo ƙorafi. Kundin yana hannuna, amintattu sun sa hannu. Kuɗin jarida da na lauya ne babu. Kuma muddin ba mu da wannan takarda, ba za mu buɗe asusun banki da sunan ƙungiya ba, ba kuma mai ba da tallafi da zai saurare mu.

Haka dashen itatuwa a makarantun firamare. An ce mun dasa mun watsar, alhali tun a kasafin farko kwamitin ya rubuta kuɗin shinge, aka amince a gaban kowa. Da damina ta kankama kuɗin bai taru ba, dashe kuwa ba ya jira, sai muka dasa a haka. Dogon hutu ya zo, makarantu suka zama babu kowa, awaki suka cinye zogalen da mangwaron. Abin da ya tsira shi ne dogonyaro, da 'yan tsirarun da masu gadi da iyayen yara suka kewaye da ƙaya. Allah ya saka musu da alheri. Baɗi in babu kuɗin shinge a ƙasa, kwamitin ba zai karɓo ko tsiro ɗaya ba.

Abin da ya wanke mana zuciya shi ne fitar da muka yi da yara zuwa Argungu bayan kaka. Mun fara da gidan tarihi na Kanta, daga nan muka gangara bakin Matan Fada. Yara da dama cikinsu 'yan garin ne, amma ba su taɓa zama a bakin ruwan nan da nutsuwa ba, sai dai a kafaɗar iyaye cikin cunkoson bikin kamun kifi. Wani dattijo masunci ya zo da homa da gora, ya nuna musu yadda ake kwanciya a kan goran a yi iyo, ya lissafa musu kifaye: giwan ruwa, tarwaɗa, ƙarfasa, ragon ruwa. Ya gaya musu dalilin da ya sa ake hana su a wannan wuri sai lokacin biki, wato don kifi ya samu sukunin hayayyafa ya girma. Wannan biki da aka faro a 1934, wanda UNESCO ta sa cikin al'adun gadon duniya a 2016, ashe darasin kiyaye muhalli ne a ƙofar gidanmu.

Daga nan muka raba su rukuni-rukuni. Wasu suka tsinci ganye suna jera shi daga ƙarami zuwa babba, wasu suka ƙirga balbelu, wasu suka kwaɓa laka suna gina kwalekwale. Lissafi ya shigo, harshe ya shigo, ba allo ba alli. Wata malama ta tsayar da nata yaran a gindin gawo ta tambaye su me ya sa yake da ganye shar yanzu, alhali da damina tsirara yake. Amsoshin da suka bayar sun isa a rubuta a ajiye. Wata yarinya da malamarta ta ce ba ta buɗe baki a aji, ita ce ta riƙe hannun dattijon nan tana jero masa tambayoyi har muka tashi. Ba yaron da ya kusanci ruwa shi kaɗai, ba wanda ya ji ko ƙwarzane, kuma yabon wannan na malaman da suka tsaya a rana suna gadi ne. A Denmark tun shekarun 1950 ake koyar da ƙananan yara a daji, Ingila ta ɗauka a 1993, yanzu har horo na musamman ake yi a kansa. Mu da muke da fadama da gulbi, ba abin da muka rasa sai shiri. Motar da ta kai mu, in faɗa muku, daga aljihun 'yan kwamiti aka biya ta.

Albarkar fitar ba ta tsaya a ranar ba. Wata mai makaranta da ta raka mu ta nemi mu ba ta sunayen malaman da za su riƙa fitar mata da yara. Da muka duba, kaɗan ne cikinmu ke da takardun da ta nema. Wannan ne ya sa nake ta nanata maganar karatu. Tun dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 rainon yara ya shiga cikin ilimin tushe, kuma manufar ilimi ta 2013 ta tanadi shekara ɗaya ta share fage kafin aji ɗaya. Azuzuwan nan suna buƙatar malamai, amma ranar da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, ta buɗe ɗaukar aiki, takardar shaidar malanta ta NCE ce mafi ƙarancin abin da ake karɓa, sannan ga rajista da hukumar rajistar malamai ta ƙasa, wato TRCN, da jarrabawarta ta kwamfuta. Wanda ba zai iya barin aiki ya koma kwalejin ilimi ba, cibiyar horar da malamai ta ƙasa, wato NTI ta Kaduna, na da karatu daga nesa. Mai NCE kuma jami'ar karatu daga nesa ta ƙasa, wato NOUN, na ba da digiri a fannin ilimin ƙananan yara. Ga kuma ƙungiyar OMEP ta duniya mai kula da ilimin ƙananan yara, da gidauniyar kiyaye muhalli ta Najeriya, wato NCF, mai kulab-kulab na muhalli a makarantu, da shirin ganuwar itatuwa ta Afirka wanda Kebbi na cikin jihohi 11 da yake aiki a cikinsu. Duk ƙofofi ne, amma da wace takarda za mu ƙwanƙwasa?

Mun shirya bitar jarrabawar TRCN kyauta, wani ɗan'uwa ya ba da aron kwamfutocinsa, ya rufe shagonsa ranar Asabar saboda mu. Waɗanda suka fi kowa kukan rashin aiki su ne ba su zo ba. Kunyar da na ji a gaban bawan Allahn nan ba ta faɗuwa.

A taro mai zuwa Ma'aji zai karanta sunan kowa da abin da ake bin sa, kamar yadda kundinmu ya tanada. Mai uzuri ya same shi kafin ranar. Za kuma a yi zaɓe, kuma ina roƙon waɗanda ba su taɓa riƙe komai ba su fito, domin hannayen da suka ɗauki kayan bana sun gaji. Kowa ya zo da kwafin takardun karatunsa, za mu haɗa jerin da za mu riƙa miƙa wa masu neman malamai.

Wassalam.
Sakatariya