Godiya ga kafintocin bakin Kasuwar Dole

Assalamu alaikum Maigida, da kai da yaran shagonka baki ɗaya.

Mu malaman firamare ne daga unguwannin Zango da Birni a nan Damagaram. Mun rubuto wannan wasiƙa a fili domin mu gode muku kan guntayen katako da dusar zarto da kuke ware wa makarantu, ba ku karɓar komai sai kuɗin ƙusa. Abin da ya fi kyautar ma shi ne yadda kuke tsayawa ku auna, ku yanka, ku goge, kamar ƙofar gidan amarya aka ba ku.

Allon ƙusa shi ne kan gaba. Kuna yanka katako santimita 20 tsawo da faɗi, kaurinsa santimita 2, ku bar santimita 2 a kowane gefe, sannan ku kafa ƙusa 25, layi biyar-biyar, tsakanin kowace da ƴar uwarta santimita 4. Kaurin nan ba ado ba ne. In aka yi da falanki maras kauri, bakin ƙusa yakan ɓullo ta baya ya soki cinyar yaro, ko kuma ta yi kwance da zarar an ja roba. Ku kuwa kuna fara huda wurin da ɗan tsinken ƙarfe don kada katakon ya tsage, ku bar santimita 1 kacal a sama. Da wannan allo ɗan aji CE2, wato aji huɗu, yakan zagaye ƙusoshi da roba ya fitar da murabba'i mai tazara biyu a kowane gefe, ya auna santimita 8, ya gano da kansa cewa kewayensa santimita 32 ne. Ɗan CM1, aji biyar, kuma ya ƙirga ƙananan gidaje huɗun da ke ciki, daga nan bambancin kewaye da faɗin fili ya zauna masa. Shawararku ta a yanka zobba daga tsohon tiyub na keke ita ma ta yi rana, don robar kanti ba ta jure zafin Afrilu da Mayu, danƙo take yi ta tsinke.

Dusar zarto kuwa, wadda da shara ce, yanzu taswira ake yi da ita. A tankaɗe ta da rariya, a auna kofi biyu, a dama kofi ɗaya na kokon sitacin rogo mai kauri, a zuba gishiri cokali ɗaya, a cuɗa har ya daina manne wa hannu. A zana iyakar Nijar a kan kwali mai ƙarfi, yara su shimfiɗa ƙullin, su tayar da duwatsun Abzin a arewa, su ja hanyar kogin Isa da tsinke a yamma, su lotsa wurin Tafkin Chadi a kusurwar kudu maso gabas. Kada kauri ya wuce santimita 2, in ba haka ba waje ya bushe ciki ya ruɓe. A inuwa ake shanya ta, kwana uku zuwa huɗu. Wanda ya kai ta rana a lokacin hunturu zai tarar da ita a tsattsage. Gishirin yana rage fumfuna, amma ba ya hana gara da ɓera, saboda haka a rataye ta a bango nesa da ƙasa. Launi ba sai an saya ba: karan dafin da dukawa ke rina fata ya ba da ja, gangamau rawaya, shunin wanki kuma shuɗi. A jiƙa ɗan ƙaro a zuba a ciki, in ba haka ba launin zai riƙa bin yatsun yara.

Nan ma akwai abin yabo. Kuna ware dusar katako mai fenti da ta katakon da aka matse da gam, ba kwa bari ta shiga buhun makaranta, alhali babu wanda zai gane in kun haɗa.

Ƴan CI da CP, wato aji ɗaya da aji biyu, su ma ba a bar su ba. Sandunan ƙirga na santimita 10 da kuke gogewa don kada sartse ya shiga hannu, ana ɗaure su goma-goma, kuma sun fi karan gero daɗewa nesa ba kusa ba.

Roƙonmu ɗaya: malamin da zai zo ya zo da awonsa a rubuce, ya kuma kauce wa ranar Alhamis, ranar da kasuwa ke cika kuna fama da masu saye.

Allah ya sa albarka a sana'a, ya tsare hannuwanku daga zarto, ya raya muku zuri'a.

Naku,
Wasu malaman firamare, Damagaram