Babana, ka koyi dafa kazar nan mai albasa

Assalamu alaikum Babana, ya karatu ya zafin Hyderabad? Mu nan kowa lafiya, Abbanku na gaisheka, su Ummi ma haka.

Hoton da ka turo ranar Juma'a ne ya hanani bacci wallahi, duk ka rame wuya ya fito, da na matsa wa ƙanwarka sai take cemin wai indomi da burodi da shayi kake ta ci tunda ka tafi, abincinsu yaji yayi maka yawa. Haba Babana. Wata bakwai a kan indomi? Kana garin da musulmi suke da yawa, mahauta na halal ko ina, kaza ba wahalar samu take ba, ga albasa jibgi a kasuwa irin jar nan kamar tamu ta Aliero. To zauna ka karanta, zan koya maka abu ɗaya da na iya nasu, kuma dan Allah ka gwada ranar Lahadi.

Lokacin da muka kai Abbanku Indiya aikin ƙafarsa, matar mai gidan da muka kama haya ce ta koyamin, bana jin yarenta bata jin nawa, da hannu da ido muka yi komai. Suna ce masa do piyaza, wato albasa sau biyu, don sau biyu ake zubata a tukunya, kuma mutanen garin da kake sun iya shi sosai. Abu na farko da ta nunamin, na ɗauko mata gwangwanin kori da na zo dashi daga gida ta shinshina ta girgiza kai ta mayar min. Su basa girki da garin kori guda ɗaya irin namu, kowane kayan ƙamshi daban suke zubashi a lokacinsa.

Ka sayi kaza kilo 1 a yanka maka ita ƙanana da ƙashinta, kada ka yarda da tsoka zalla, daɗin romon a ƙashi yake. Albasa manya 5. Sai citta ɗanya da tafarnuwa, tumatir 2, da kindirmo rabin kofi, su dahi suke ce masa. A shagon kayan ƙamshi kace haldi, shine kurkum, laung kanumfari ne, dalchini kuma girfa, sai ka ƙara da jira, wato cumin, da daniya, wato coriander, da garam masala, haɗin kayan ƙamshinsu. Barkono kuwa ka nemi na Kashmir, ja ne sosai amma zafinsa kaɗan ne, ka guji na Guntur, shine yake ƙona maka baki.

Ka wanke kazar ka cuɗeta da kindirmon da gishiri da kurkum rabin ƙaramin cokali, ka rufe ka barta ko minti 30 ne. Albasa 3 ka yankasu siri siri, sauran 2 ka rabasu huɗu ka ɓare su fala fala ka ajiye gefe.

Yanzu inda aikin yake. Ka zuba mai kamar cokali 4 babba, in yayi zafi ka jefa kanumfari 4 da guntun girfa da jira, zakaji suna ƙara ƙamshi ya tashi, sai ka zuba siririyar albasar da ɗan gishiri ka rage wuta. Nan fa ba gaggawa, minti 15 zuwa 20 kana juyawa, zata fara yin laushi ta saki ruwa, ruwan ya ƙone, sannan ta fara rikiɗa har ta koma kalar zuma mai duhu. Na sanka da rashin haƙuri a bakin murhu, kada ka ƙara wuta don ta yi sauri, in ta ƙone ɗaci zatayi kuma babu gyara, in kuma ka sauke tana fara miyar zata fito salam kamar ruwa. Matar nan in na miƙa hannu zan zuba abu na gaba sai ta riƙe min hannu ta nuna tukunya, wai saura. Albasar nan itace kaurin miyar itace zaƙinta, ka ajiye wayarka ka tsaya a kanta.

In tayi sai ka sa dakakkiyar citta da tafarnuwa minti 1, ka zuba daniya da barkono da tumatir, ka ta soyawa har kaga mai ya rabu yana tsatsafowa ta gefen tukunya. Sannan kazar ta shiga da kindirmonta, wuta ƙasa ƙasa kana juyawa don kada kindirmon ya tsinke. Ruwa kaɗan, rabin kofi ya isa tunda kaza ma zata saki nata, ka rufe minti 20. Albasar nan da ka ajiye ka ɗan soyata daban a kasko minti 2 zuwa 3, ka zubata a ƙarshe tare da garam masala, ka barsu minti 5 ka sauke, so ake a ji ta a haƙori, kada ta narke.

Ka ci da shinkafa ko ka sayi roti, irin gurasarsu, a bakin layi. Ragowar ka sa a firij zata kaika kwana 2, washegari ma tafi daɗi. Ka ɗiba wa yaron da kuke ɗaki ɗaya, kada ka ci yana kallo.

In ka dafa ka turomin hoton tukunyar tun albasar tana wuta, daga kalarta zan gane. Na sa Abbanku ya ƙara maka wani abu a kan kuɗin wata saboda cefane. Ka kula da sallah akan lokaci. Allah ya yi maka albarka ya dawo min da kai lafiya.

Mamanka